GUZURIN FALKEN SHANU IN ZAI GANGARO KUDU DA DAMINA

'Yan'uwa fataken shanu, da masu masauki, da dillalai, da samarin da ke rakiyar mota, a wannan fitowa muna so mu tattauna a kan wani abu da akasarinmu muka raina, wato kayan da mutum zai ɗaure wa kansa in zai taso daga arewa ya kawo shanu Kumasi da damina, ko kuwa zai tashi daga nan Aboabo ya wuce da su birnin Accra, wanda mu muka saba ce wa Ankara.

Dalilin ɗauko maganar shi ne, Babbar Sallah ta 2023 da ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, wato daidai lokacin da ruwan Kumasi ya fi ƙarfi. Da yake kuwa kowace shekara Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11, hanyarta ta cikin Mayu da Afrilu ce, waɗanda su ma watannin ruwa ne a ƙasar Asante. Ke nan kasuwarmu mafi girma za ta ɗauki wasu shekaru tana ci cikin taɓo.

Mun sha ganin falke ya kwana yana lissafin kuɗin mota da kuɗin kara da la'adar dillali, bai bar ko fesuwa ba, amma jakar kansa sai an tayar da mota zai cusa mata abin da hannunsa ya kai. Alhali kuwa abin da ke cikin jakar nan yana shiga farashin dabba. Kowa ya san ciniki na mai iya jira ne. Wanda ya jiƙe, ko zazzaɓi ya kama shi, ko takardarsa ta lalace, ba ya iya jira, mahauci kuwa tun daga nesa yake gane mai gaggawa.

Wani baƙo ya taɓa sauka a hannunmu da mota guda. Dattijo ne mai sanin dabba ƙwarai, sai dai zuwansa na farko ke nan da damina. Ya zo da manyan riguna biyu na shadda, da buzunsa na salla, da takalmin fata sau-ciki. Ruwa ya tare su bayan Kintampo, jakarsa kuwa tana saman mota. Kwana uku rigunan nan suna rataye ba su bushe ba. A rana ta huɗu fumfuna ta fito wa takalmin da buzun, shi kuma ga mura ga zazzaɓi. A rana ta biyar ya ce mana, "Alhaji, ko nawa aka taya a sallama, ni gida nake so." Mun ba shi haƙuri har mun gaji, ya ce shi dai a sallama. To ku lissafa da kanku. A ce shanu 35 ne a mota, kowanne aka rage masa sidi 300 saboda gaggawa, an tashi da hasarar sidi 10,500. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi ya isa ya sayi duk abin da za mu lissafa a ƙasa.

RUWAN KUDU DABAN YAKE DA NA AREWA

Mutumin Bawku ko Bolga ko Fada Ngurma ko Nijar ya saba da damina guda. Hadari ya haɗu kowa ya gan shi, a sheƙa ruwa, rana ta fito, kafin la'asar riga ta bushe. A Kumasi damina biyu ce. Babbar takan fara a watan Maris ta kai Yuli. A Agusta ruwa yakan lafa, amma sama takan wuni a rufe, da yayyafi da sanyi-sanyi. Daga nan sai ƙaramar damina, daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke sauka a Kumasi a shekara yakan kai wajen milimita 1,400, alhali na Bolga bai cika wuce 1,000 ba.

Abin da ya fi yawan ruwan cutar da baƙo shi ne danshin iska. Iska kamar soso take. A arewa da hunturu danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe nan da nan. A nan da damina, da safe danshin yakan haura kashi 80. Soson da ya riga ya ƙoshi ba ya karɓar ruwan rigarka, haka kuma ba ya karɓar zufar jikinka. Wannan ne ya sa za ka ji baƙo yana kukan zafin Kumasi ko da yake ma'auni bai wuce digiri 30 ba, shi da ya fito daga garin da ke kai 40 a watan Maris da Afrilu.

Har ila yau yanayin ba ya tsayawa wuri guda. A wuni ɗaya za ka ga yayyafi da asuba, rana mai ƙuna da hantsi, hadari mai iska da la'asar, da dare kuma sanyi ya sauko wajen digiri 21 ko 22. Wannan ba wani sanyi ba ne ga mai kwance a ɗaki, amma ga yaron da ke saman tirela a jiƙe, mota na gudu iska na dukansa, ya isa ya kwantar da shi. Daga Paga zuwa Kumasi kusan kilomita 600 ne. Kana iya baro Bolga da Walewale da Tamale cikin rana tarwai, ka ƙetare gadar Yapei da ta Buipe lafiya, amma tsakanin Kintampo da Techiman daji ya fara duhu, sama ta sauya. Saboda haka kada a shirya kaya da yanayin garin da aka baro, a shirya su da na garin da za a.

DARASIN HUHUN GORO

Kakanninmu fataken Gwanja, waɗanda suka riƙa ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano da Sakkwato, tafiyar watanni a kan jakuna, sun san sirrin ɗauri. Goro ɗan kurmi ne, bushewa ke kashe shi. Sai su jera shi cikin ganye su naɗe huhu tam, a hanya kuma su riƙa kwancewa suna tsince wanda ya lalace, su yayyafa ruwa su mayar. Su danshi suke tsarewa a ciki domin sun nufi ƙasar fari. Mu da muke gangarowa kurmi, aikinmu juyin nasu ne, wato mu tsare danshi a waje.

Leda, wadda mu a nan muke ce wa roba, aikin ganyen huhu take yi. Yadda ka rufe abu, haka za ta riƙe maka shi. In ka sa busasshiyar riga za ka tarar da ita a bushe. In ka sa mai zufa ko wadda ruwa ya taɓa, kwana ɗaya ta yi wari, kwana biyu ta fara baƙin ɗigo wanda sabulu ba ya fitarwa. Don haka busasshe kaɗai ake ɗaurewa a roba. Jiƙaƙƙe a rataye shi inda iska ke ratsawa, ko da a jikin bodin mota ne. Mu kuma ɗauki ɗayar al'adar tasu, wato kullum da safe a buɗe jaka a duba, a bar ta ta sha iska.

Ita jakar kanta, a shimfiɗa mata babbar roba mai kauri daga ciki kafin a zuba komai. Jakar nan mai zane-zane da 'yan Nijeriya suke kira Gana-mas-go tun korar 1983 tana da araha da sauƙin ɗauka, amma ruwa yana shiga ta zif da ta ɗinki, kada kowa ya ruɗu da santsin jikinta. Wurin jaka kuwa gaban mota ne, kusa da direba. In babu wuri sai a sama, to a naɗe ta cikin tamfol, bakin ɗaurin yana kallon ƙasa.

A SHIRYA WA KWANA GOMA KO DA ANA SA RAN UKU

Cinikin shanu a Kumasi tun da can a kan maigida da bashi ya ginu. Har wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a 1966 a kan yadda masu masauki da dillalai da mahautan Kumasi suke tafiyar da wannan sana'a. Mahauci ya ɗauki sa, sai ya sayar da nama ya kawo kuɗi, baƙo kuma yana zaune a gidan maigidansa yana jira. Ranar da aka wuni ana ruwa, masu cin nama ba su fito ba, biyan ma sai ya ja baya.

Ban da wannan akwai abin da ke tsayar da mutum ba da shirinsa ba. A watan Agusta ko Satumba akan buɗe madatsar ruwan Bagre da ke Burkina Faso, ruwa ya malale ƙasashen bakin Farar Volta. A watan Yunin 2023 kuma, da cutar saifa ta ɓulla a yankin su Binduri da Talensi, hukuma ta hana fita da dabbobi da yankansu da sayar da su na wata guda a jihar Upper East, ana dab da Sallah. Mai hanya bai san ranar komawarsa ba.

Wannan ba yana nufin a ɗauko tufafin kwana goma ba. Yawan kaya a ƙasar danshi yawan abin da zai ruɓe ne. Abin da ake so shi ne kaya kaɗan waɗanda za a iya wankewa a juya su har tsawon kwanakin.

ABIN DA BA A YARDA YA JIƘE BA

Na farko takardu. Akwai na dabba, wato takardar lafiya da izinin wucewa daga ma'aikatan likitan dabbobi, da rasit na duk abin da aka biya a iyaka da kara. Akwai na kai, wato Ghana Card ga ɗan ƙasa, ga baƙo kuma fasfo ko katin shaida, da katin rigakafin shawara. 'Yan'uwanmu na Burkina da Nijar da Mali, tun da ƙasashensu suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, su riƙa tambayar maigidansu abin da ake nema a iyaka kafin su taso, kada su dogara da sanin da. Tambarin ofis da tawada ake buga shi, ɗigon ruwa kaɗan ya narkar da shi. Rasit ɗin da inji ke fitarwa kuwa zafi da danshi kawai sun isa su goge rubutunsa. Takardar da ba a iya karantawa, a shingen hanya daidai take da babu, mota ta tsaya shanu na tsaye cikin rana ana gardama. A yi fotokwafi, a ajiye shi daban da na ainihi. A ɗauki hoton kowace takarda da waya a tura wa maigida ta WhatsApp tun kafin a tashi. Na ainihin a naɗe su a roba biyu, a sa a aljihun ciki.

Na biyu kuɗi. Sidi da sefa duk takarda ne, zufa kaɗai tana jiƙa su a cikin lalita har su manne da juna, wajen rabawa su yage. Manyanmu sun tuna kafin watan Yulin 2007, lokacin da aka mai da sidi 10,000 ya zama sidi 1, yadda ake ɗaukar kuɗin mota guda a buhu. Yanzu an sami sauƙi, musamman da aka fito da takardar 100 da ta 200 a 2019. Duk da haka gara a riƙe kuɗin hanya kawai a jiki, cikin roba, a raba su wuri biyu, sauran kuma a bi da su ta banki ko ta waya.

Na uku waya. Tun da aka fara aika kuɗi ta waya a ƙasar nan a 2009, waya ta zama lalita, wanda tasa ta sha ruwa kuwa kamar an kulle masa akwati ne. A sa ta a roba, a ɗauki caja da fawa-banki, domin hadari mai iska yakan tafi da wuta. Yana da kyau a riƙe ƙaramar waya mai maɓalli a matsayin ta biyu, batirinta yana kwanaki. Lambar maigida da ta direba da ta gida a rubuta su a takarda.

Na huɗu littafin bashi. Mu da muka yi allo mun san tawada don a wanke ta aka yi ta. Kada a rubuta bashin mahauci da ita, ko da alƙalami mai ruwa. A yi amfani da biro ko fensir, kowace yamma kuma a ɗauki hoton shafin ranar.

TUFAFI

Kaftani uku da wandunansu, na yadi marar nauyi, sun isa. Ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a bushe cikin roba, kuma ba a taɓa na ukun sai na biyun ya bushe. Yadin da aka gauraya auduga da roba ya fi saurin bushewa, zallar auduga marar kauri kuma ta fi daɗi a zafi, kowa ya zaɓa. A ƙara singileti huɗu, domin su ke shan zufa. Babbar rigar shadda mai sitaci a bar ta a gida, sitacin nan abincin fumfuna ne. Haka batakari mai kaurin saƙa, in ya sha ruwa sai ya kwana uku yana ɗiga. Wanda zai gaida manya ko zai yi Juma'a, ya zo da riga guda mai sauƙi ya ɗaure ta daban.

A ɗauki rigar sanyi guda marar nauyi saboda daren hanya, musamman ga yara masu hawa sama. Tsakanin renkot da lema, mu mun zaɓi renkot, domin mai shanu hannu biyu yake bukata, ɗaya igiya ɗaya sanda, ga shi lema tana firgita dabba, iska kuma tana karya ta. Malfa tana da amfani ga rana da yayyafi duka. Hular dara da mai tsadar aiki a bar su, a zo da ta wanki. Tawul ya zama ƙarami marar kauri, mai kauri ba ya bushewa sai wari.

Wani abu da baƙi ba su sani ba, a ƙasar kurmi akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin jiƙaƙƙen tufa, musamman wanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa. In aka sa tufan, tsutsar ta shiga fata ta yi maruru. Maganin abin shi ne shanya a igiya, sannan a goge kowane tufa da dutsen guga mai zafi, har singileti da gajeren wando. Gugar kuma tana ƙarasa busar da abin da iska ta kasa.

Game da salla, malamanmu sun karantar da mu cewa kashin shanu ba najasa ba ne, amma jinin yanka najasa ne, mai shiga mayanka irin ta Kaase kuwa da wuya ya fito bai taɓa shi ba. Saboda haka a ware riga da wando na salla. Buzu da dadduma mai gashi ba su jure danshi, ƙaramar tabarmar roba ta fi, a girgiza ta a goge shi ke nan.

TAKALMI

Kowace kara da damina taɓo ce gauraye da kashi da fitsari. Rambut shi ne takalminta, da safa biyu ko uku. Amma kada a wuni a cikinsa, domin ƙafa tana gumi a ciki har tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage. An fito daga kara a cire shi, a wanke, a kife shi a kan sanda. A masauki da wurin wanka a sa silifan roba, wanda mutanen nan suke ce wa cale-wate. Takalmin fata in ya zama dole a zo da shi, a shafe shi da mai, a cusa masa tsohuwar jarida, kada kuma a ajiye shi a ƙasa jikin bango. Bayan kowace alwala a goge tsakanin yatsu. Masu ciwon suga su fi kowa kula, ƙaramin rauni a ƙafarsu ba ƙarami ba ne. Kada kowa ya ratsa ruwan kwata ba takalmi, mu da muke Aboabo mun san abin da rafinmu ke kwasowa in ya cika, daga fasasshiyar kwalba har ƙusa.

ABINCI DA MAGANI

Kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli a arewa suna wata ba su yi komai ba. A nan in aka bar su a buɗe sai su yi laushi su yi fumfuna cikin 'yan kwanaki. A zo da na hanya kawai. Fura kuwa wuni guda ta yi tsami. Abin da ya fi jurewa shi ne gari da suga da soyayyar gyaɗa da dabino, a cikin gwangwani ko robar da ke rufuwa sosai. In an iso ai ba a yunwa a Zango, ga koko da ƙosai, ga wake da shinkafa, ga tuwon zafi. Sharaɗin dai a ci abinci da zafinsa, a sha ruwan da aka san asalinsa.

Gidan sauro yana gaba da komai, mai magani a jiki, da 'yar igiyar ɗaura shi. Wanda ya ji zazzaɓi ya je a gwada jininsa a ranar, kada ya tsaya cewa gajiyar hanya ce. Masu yawo da kulorakwin a aljihu su sani tun 2004 Gana ta sauya maganin zazzaɓin sauro, saboda wancan ya daina aiki yadda ya kamata. A riƙe farasitamol, da fakitin gishiri da suga na zawo, da filasta da maganin wanke rauni saboda ƙaho da igiya, da hoda saboda ƙurajen zafi. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ɗauko na mako biyu, a cikin ainihin fakitinsa, domin ƙwayar da aka ɓare aka ƙulle a takarda danshi yana narkar da ita. Mai katin inshorar lafiya ya duba ko bai mutu ba. Tocila da sabulu da buta kuwa ba sai an faɗa ba.

KAYAN SHANU

Su ma dabbobin baƙi ne a kurmi. Kafin lodi a zuba yashi a ƙasan mota, a ɗora buntun shinkafa ko garin katako, domin ruwa in ya haɗu da kashi bodi yakan yi santsi, sa ya faɗi 'yan'uwansa su tattake shi. Mai wucewa Ankara ya sabunta shimfiɗar a nan, garin katako ba ya wuya a Kumasi. Tamfol na harawa da dusa da kanwa ne da jakunkunan mutane. Kada a lulluɓe mota da shi ruf, zafi da tururin numfashi sun fi ruwan sama kashe dabba. Igiyar rama in ta jiƙe tana kumbura ƙullin ya ƙi kwancewa, ta roba kuma tana zamewa tana ƙona hannu. A zo da duka biyun, da wuƙa mai kaifi a kusa saboda yanke igiya in dabba ta shaƙe.

A zo da harawar kwana biyu ko uku. Dabbar da ta saba da busasshen abinci in aka tura mata ɗanyar ciyawa lokaci guda sai zawo ko kumburi, a riƙa gaurayawa a hankali. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Mu tuna kuma jiran da muke yabo yana da iyaka. Farin sa na arewa ba ya jure tsando da sammore kamar gajerun shanun kurmi, kirci da kaska da ciwon kofato kuma da damina suke tashe. Abin da muke nema wa falke shi ne ƙarfin jiran mako guda cikin natsuwa. Kada kuma a yi wa dabbar da za a yanka gobe allura ba da shawarar likita ba, domin maganin yana zama cikin naman da jama'a za su ci.

GA MAI WUCEWA ANKARA

Daga Kumasi zuwa Ankara wajen kilomita 250 ne, ta Konongo da Nkawkaw da Suhum da Nsawam, mai zuwa kasuwar Tulaku a Ashaiman kuma sai ya ƙara gaba wajen Tema. Abin mamaki, ruwan Ankara bai kai na Kumasi ba, wajen milimita 800 ne a shekara. Sai dai gari ne a kwari bakin teku, ruwan yakan zo da yawa lokaci guda, musamman a Mayu da Yuni, rafin Odaw ya cika ya tumbatsa. Ba mu manta daren 3 ga Yunin 2015 ba, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, mutum sama da 150 suka rasu, da yawansu masu fakewa ne. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya kiyaye na gaba. Saboda haka in an sauka a tambayi maigida ko ruwa yana shiga ɗakin, a rataye jaka a ƙusa, kada a kwana da ita a ƙasa. In ruwa ya fara hawa titi a nemi tudu, a nisanci gidan mai da turakun lantarki, kada kuma a matsa wa direba ya ratsa ruwan da bai ga ƙasansa ba.

A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, akasarinsu a Ankara da kewayenta, don haka maganar ruwan sha da wanke hannu da sabulu a can ta fi ƙarfi. Iskar teku kuma tana da gishiri, wuƙa da kwaɗo da zif duk suna tsatsa da wuri, a shafa musu ɗan mai.

KIRA GA MASU MASAUKI

Daga ƙarshe maganar ta dawo kanmu mu masu saukar baƙi. Baƙo amana ne, ribarsa kuma ita ce tamu, domin wanda ya koma da hasara baɗi wani gida zai nema. Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Kowane masauki ya ɗaura igiyar shanya a ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, ya ajiye dutsen guga da gawayi saboda ranar da babu wuta, ya kafa ƙusoshi a bango, ya tanadi rambut biyu ko uku da gidan sauro saboda wanda ya zo hannu sake. In baƙo ya bugo waya zai taso, bayan an gaya masa farashin kasuwa a gaya masa halin da sama take ciki. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa yaran mota wannan takarda, domin su ne ruwa ya fi duka, su ne kuma ba a cika tambaya me suka ɗauko ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, amin. Wassalam.